Lambun da Ke Ƙarƙashin Gyaɗa

Shekara goma sha ɗaya ina noman gyaɗa
a kan zauren wani mutum,
ban taɓa yi masa sallama ba.

Sai da masu tono suka zo daga jami'a,
yamma da Nafaɗa, inda tudu ke leƙen Gongola,
suka ja igiya, suka kafa turaku,
suka yanka gonata gida-gida kamar dara.
Dakta Rifkatu ta ce, "Malam Bappayo, ajiye fartanya,
karɓi buroshi."
Ni da na saba saran ƙasa,
yau ga ni durƙushe ina share mata kwantsa.

Kwana huɗu ba komai sai katanga da gawayi.
A na biyar dutse ya fito,
wani na bin wani, miƙe kamar sahun salla.
Hanya huɗu suka taho daga kusurwa huɗu,
suka gamu a bakin wani kwarmi da aka shafe da katsi,
har yau santsinsa bai mutu ba.
Duk taku bakwai, ga baƙar ƙasa a kewaye cikin ja,
faɗin faifai.
Dakta ta ce nan itace ya tsaya,
nan ma, nan ma.
Inuwa ce aka shuka a jere.

Mun sami wuri goma sha uku,
ɓallin tangaram mai shuɗin fure,
kwalbar turare da gizo ya gada,
da makullin da ya fi ƙofarsa tsawon rai.

Ni kuwa kakata nake ji.
Goggo Dudu, mai karkataccen wuya,
takan ce, "Tulu arba'in kafin hantsi,
daga kogi zuwa lambun Madugu Hammayo."
Ta ce akwai rumman da ke tsagewa don ƙoshi,
da lemo, da dabino biyu a bakin soro,
baƙi daga Barno suna kishingiɗe suna yaba sanyi.
Muka ce, "Goggo, yaya ɗanɗanon rumman?"
Ta ce, "Ku tambayi jemage."
Mun ɗauka gigin tsufa ne, muka yi dariya.

Ranar Talata buroshina ya tsaya a gefen magudana.
Sawun babban yatsa ne cikin yaɓe,
ƙarami, bai kai ƙwayar gurjiya ba.
Na ɗora nawa, ya rufe shi ruf.
Aka ba shi lamba,
aka ɗauki hotonsa kusa da ma'auni.

Da yamma Dakta na rubutu a gindin marke.
Na ce, "Sunan wa za ki sa?"
Ta ce, "Na mai gida, in ya tabbata."
Na ce, "Ki ƙara da Dudu."
Ta ɗago. "Ina shaida?"
Na kai ta matakala ta uku,
inda dutse ya lotsa kamar ƙasan akushi.
Ba takalmin baƙo ya ci shi ba,
gindin tulu ne.
Ta daɗe tana shafa wurin.
Ta rubuta, amma da fensir.

Kafin ruwan fari suka mai da ƙasa,
suka naɗe igiya, mota ta tafi.
Na sake shuka gyaɗata.

Yanzu in an ɗauke ruwa da asuba,
sai in ga ya kwanta a miƙe, layi huɗu.
Duk taku bakwai ganye ya fi duhu.
Da can na ce kashin shanun makiyaya ne.

Na sayo dashen rumman a Dadin Kowa,
na sa shi a rami na farko daga gabas.
Ni ke ɗebo masa ruwa, tulu ɗaya, ba mai ƙirga mini.
Ran da ya tsage,
ba zan kai kasuwa ba.
A matakala ta uku zan zauna,
in ci a hankali,
in san abin da zan gaya mata.